Cin abinci a Japan: amsoshin tambayoyin da ake ta maimaitawa

Dole ne in iya ci da tsinkayen nan nasu?

Ba dole ba ne. Nemi cokali, za a kawo maka. Sunan tsinkayen hashi, kuma koyonsu ba wuya.

To me zan kiyaye da su?

Abu biyu, kuma kada ka yi wasa da su. Kada ka kafa su a tsaye cikin shinkafa, don haka ake ajiye wa mamaci shinkafa a al'adarsu ta addinin Buda. Kada kuma ka miƙa wa wani abinci daga tsinkenka zuwa nasa, saboda bayan sun ƙona gawa, da tsinkaye dangi ke tsintar ƙasusuwan suna miƙa wa juna. Sa masa a faranti ya ɗauka. In ka huta da ci, ɗora su a kan ɗan matashin da ke gefen kwanonka, hashioki.

Gaskiya ne ana zuƙar taliya da ƙara?

Gaskiya ne, in ramen ce ko soba. Ba rashin tarbiyya ba ne, daina zare ido. In ba ka so, ci a hankali, ba mai tanka maka.

Ni Musulmi ne, yaya zan gane abin da ya halatta in ci?

A nan ne wahalar take, kuma cewa "ba na cin alade" kawai ba ta wadatar. Mai girki zai iya cire naman daga saman kwano ya kawo maka da zuciya ɗaya, alhali romon ramen ɗin, musamman tonkotsu, da ƙashin alade aka dafa shi. Gyoza, ɗan ƙullin fulawa mai nama, yawanci alade ne a ciki. Dunƙulen kori na kanti ma sau da yawa da kitsen alade ake yinsa. Sai maganar giya: mirin, wanda ke sa miyar teriyaki zaƙi da sheƙi, giyar shinkafa ce mai ƙarfin kusan kashi 14 cikin 100, kuma ana zuba wata giyar shinkafa mai suna "sake" a girki kamar yadda muke jefa daddawa. Har ruwan waken soya, shoyu, yakan ɗauki 'yar giya daga ruɓawar da ake yi masa. Malamai sun saɓa a kan wannan ɗan kaɗan ɗin, don haka tambayi malaminka tun kafin ka hau jirgi, kada ka bari sai kwano na gabanka. Dashi, romon da ke ƙarƙashin yawancin miyarsu, ganyen teku ne da busasshen kifi, galibi ba matsala, sai dai na gari da ke cikin leda a duba shi. Abin da ya fi sauƙi: kifi gasasshe da gishiri, sashimi (yankakken ɗanyen kifi), farar shinkafa. Koyi kalmar butaniku, naman alade, ka sa a rubuta maka takarda da Japananci mai ambaton romo da mirin. In gida aka gayyace ka, faɗa kwanaki kafin ranar. Ƙin ci a kan tebur ya fi ba su kunya.

In aka ɗaga kofi ana cewa kanpai, gaisuwarsu kafin a fara sha, fa?

Ɗaga naka na shayi ko lemo. Shi ke nan. Amma ka jira kowa ya samu nasa kafin ka kurɓa.

Tukuici nawa zan bari?

Ko yen ɗaya. Ma'aikaci zai iya biyo ka waje da kuɗin. Galibi a teburin bakin ƙofa ake biya, a ɗora kuɗin cikin ɗan tire. In kuma ka ga an ƙara 'yan ɗaruruwan yen a izakaya, wato mashayar da ake sayar da abinci, kuɗin otoshi ne, ɗan abin taɓawar da aka kawo maka ba ka nema ba. Kada ka tada rigima.

Hannun hagu fa?

Kwantar da hankalinka. Hagu kwanon shinkafa take ɗagawa zuwa wajen ƙirji, dama ce ke kai loma baki.