Zuwa Gashaka-Gumti da Damina: Tambaya da Amsa

Wani ɗalibi daga Daura ya aiko mana da tambayoyi, yana so ya yi hutun Agusta a gandun dajin Gashaka-Gumti.

Malam, ina ne wurin?

Yana jihohin Taraba da Adamawa, kan iyakar Kamaru, kuma ya fi kowane gandun daji na ƙasa girma a Najeriya. An kafa shi a 1991, ofishinsa na garin Serti. A cikinsa dutsen Chappal Waddi yake, mai tsayin mita 2,419, mafi tsawo a ƙasar nan. Daga Katsina sai ka bi Kano, Bauchi, Gombe, Jalingo, Bali, sannan Serti. Ka ware wa hanyar kwana biyu.

Ai mun saba da damina, me zai gagara?

Ɗana, daminar can daban ce. A nan ruwa kan sauka daga Yuni zuwa Satumba, yashi ya shanye, da hantsi ka hau babur ka tafi gona. Can tun Afrilu ake yi har wajen Nuwamba, ƙasar kuma laka ce mai santsi. Rafin da ka tsallake da safe ruwa iya idon sawu, da la'asar sai ka tarar ya kawo iya ƙirji, alhali ko ɗigo bai taɓa ka ba, a kan duwatsu aka yi shi. Mota kan kafe. Hazo ya rufe tsauni har ka kasa ganin na gabanka. Sanyin saman dutsen kuwa ko na hunturu albarka.

Za a ga namun daji?

Akwai birin cimfanzi, gwaggon biri, ɓauna da tsuntsaye iri-iri. Amma da damina ciyawa ta fi mutum tsawo, ruwa ko'ina, dabba ba ta da dalilin zuwa mashaya ɗaya. Kukansu za ka fi ji.

In na nace fa?

Ka fara tuntuɓar ofishin Serti kan hanya da tsaro, kada ka shiga ba ma'aikacin gandun. Ka riƙe rigar ruwa, takalmin roba, gidan sauro, da leda ta ƙunshe waya. Dogon wando mai kauri zai rage maka cizon ƙudan tsando.

Yaushe ya fi?

Disamba zuwa Maris, lokacin da rafuka suka janye. Da ni ne kai, da na jira hutun Disamba.