Waiwaye: Yadda ƙanƙarar Antaktika ta zama shaida kan ɗumamar duniya

Masana kan ce iskar kabon da ke sararin samaniya a yau ta kai yawan da ba ta taɓa kaiwa ba cikin shekaru 800,000. Mai sauraro na da haƙƙin ya tambaya: wa ya auna? Amsar tana cikin ƙanƙara, kuma sai da aka shafe kusan shekara 50 ana haƙa kafin a same ta.

Abin ya samo asali ne daga 1957 zuwa 1958, lokacin da ƙasashe 67 suka haɗa kai don nazarin doron ƙasa. A Disambar 1957 Tarayyar Sobiyet ta kafa tashar Vostok a tsakiyar Antaktika, inda daga baya, a 1983, aka auna sanyin da ya kai digiri 89.2 ƙasa da sifiri. A 1958 kuma Charles Keeling ya fara auna iskar kabon a kan dutsen Mauna Loa na Hawai, ya samu kashi 315 cikin miliyan. Sai dai awonsa na zamaninsa ne kawai. Bai iya faɗin yadda iskar take kafin zuwan masana'antu ba.

A tsakiyar Antaktika dusar ƙanƙara ba ta narkewa. Ta bana ta danne ta bara, nauyi ya yi ta matse ta har ta zama ƙanƙara mai tauri, iskar da ke tsakanin ƙwayoyinta kuma ta maƙale cikin 'yan ƙananan kumfa. A 1965 masanin Faransa Claude Lorius ya jefa guntun tsohuwar ƙanƙara a kofin abin shansa, ya ga kumfar na fashewa tana tasowa, nan take ya gane cewa iskar zamanin da ce ke fita. Shi kuwa Willi Dansgaard na Denmak ya riga ya nuna cewa nau'in oksijin mai nauyi da ke cikin ƙanƙara na bayyana yanayin sanyi ko ɗumin lokacin da dusar ta sauka. A 1966 ya samu abin gwada wannan a kai, da Amurkawa suka huda ƙanƙarar Girinland har ƙasa, zurfin kusan mita 1,390.

A ganina aikin Vostok ne ya fi cancantar jinjina. Shekara da shekaru ana haƙa, na'ura ta maƙale a sake rami, har a 1998 aka kai mita 3,623, tarihin shekaru 420,000. Da gangan masu haƙar suka tsaya, don kada su gurɓata wani tafki da ke kwance a ƙarƙashin ƙanƙarar. Abin da aka gani ya girgiza masana: sau huɗu duniya ta shiga zamanin ƙanƙara, wato dogon lokacin tsananin sanyi, ta fita, kuma kowane karo zafi da iskar kabon tare suke hawa, tare suke sauka. Ƙasashen Turai 10 suka ɗora a 2004 a wani wuri na Antaktika da ake kira Dome C, suka kai shekaru 800,000. Duk tsawon wannan lokaci iskar ba ta wuce tsakanin kashi 170 zuwa 300 cikin miliyan ba. Yau ta haura 420.

Masu musu kan ce ai a wasu lokutan zafin ne ke rigan iskar tashi. Haka ne, amma hujjar ba ta wanke mu ba. A da, ɗan sauyin zagayen duniya ga rana ne ke fara ɗumama teku, tekun ya saki iskar kabon da ya riƙe, ita kuma ta ninka zafin. Yanzu mu ne ke sakin ta daga kwal da man fetur, kuma aikinta bai canza ba.

A Janairun 2025 masanan Turai suka sanar da ciro ƙanƙara mai tsawon mita 2,800, wadda shekarunta suka kai aƙalla miliyan 1.2. Suna so su gano abin da ya sa, kimanin shekaru miliyan ɗaya da suka wuce, zamanin ƙanƙara ya daina dawowa duk bayan shekaru 41,000 ya koma duk bayan 100,000.