Karkata da Inganci a Labaran Talabijin

Karkata a labaran talabijin ita ce tasha ta riƙa jingina ga wani ɓangare, gwamnati ko jam'iyya ko masu kuɗin da ke ɗaukar nauyinta, har mai kallo ya tashi da fahimtar da ta rinjayi gefe guda. Ba kasafai ake yin ta da ƙarya ƙiri-ƙiri ba. Sau da yawa kowace jimla gaskiya ce, ɓarnar tana cikin abin da aka zaɓa, da abin da aka bari, da wanda aka miƙa wa makirufo. Inganci kuwa ya shafi tantance labari kafin a watsa shi, da bayyana majiya, da gyara kuskure a bainar jama'a.

Yadda take shiga labari

Ƙofa ta farko ita ce zaɓe. Labaran rabin awa ba sa ɗaukar abin da ya faru a duniya a yini guda, dole edita ya tace. A 1972 Maxwell McCombs da Donald Shaw suka wallafa bincikensu kan zaɓen shugaban Amurka na 1968, suka nuna cewa batutuwan da kafofin labarai suka fi ba muhimmanci su ne masu zaɓe suka ɗauka mafi girma.

Sai hoto, kuma a nan talabijin ta fi rediyo da jarida ƙarfi, domin mutum ba ya gardama da idonsa. A ɗauki zanga-zanga guda. Mai kyamarar da ya tsaya bayan 'yan sanda zai ɗauko taro yana tunkaro shi da duwatsu. Wanda ya shiga cikin masu zanga-zangar zai ɗauko kulake da barkonon tsohuwa, da mutane suna gudu suna share hawaye. Duka biyun ba su yi ƙarya ba. Haka kalma take: mutanen da wata tasha ta kira 'yan ta'adda, wata za ta ce 'yan tawaye, wata kuma 'yan gwagwarmaya.

Mallaka da doka

Wanda ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. BBC tana samun yawancin kuɗinta daga kuɗin lasisin da masu kallo ke biya a Birtaniya. Al Jazeera ta fara aiki a 1996 da kuɗin gwamnatin Katar, RT a 2005 da na Rasha, France 24 a 2006 da na Faransa. Tashoshin kasuwa kuma da talla suke rayuwa, talla kuwa yawan masu kallo take bi. Tun da Ted Turner ya kafa CNN a 1980, aka shiga zamanin labarai ba dare ba rana, kuma zaunar da masu sharhi su yi ta musu a ɗakin shirye-shirye ya fi araha nesa ba kusa ba a kan tura wakili ya binciko. Wannan ya ci inganci ƙwarai.

A Amurka, hukumar sadarwa ta FCC ta taɓa wajabta wa tashoshi kawo ra'ayoyi mabambanta kan batutuwan da ake taƙaddama a kansu, daga 1949 har ta janye ƙa'idar a 1987. A Birtaniya har yau hukumar Ofcom, mai sa ido kan kafofin watsa labarai, tana buƙatar adalci a labarai, kuma ta soke lasisin RT a watan Maris na 2022. Kotu ma tana da tata rawar: a 2023 tashar Fox News ta Amurka ta amince ta biya Dominion, kamfanin na'urorin zaɓe da ya kai ta ƙara, dala miliyan 787.5 kan zarge-zargen maguɗin zaɓen shugaban Amurka na 2020 da ta watsa a kansa.

Gida da waje

Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Mai kallo yakan gane karkatar tashar wata ƙasa nan take, amma ta ƙasarsa sai ya ɗauke ta a matsayin yadda abin yake. A lokacin yaƙi abin ya fi tsanani. A mamayar Iraƙi ta 2003 an haɗa ɗaruruwan 'yan jarida da rundunonin Amurka da Birtaniya, tare ake tafiya, tare ake kwana, sojan ne kuma ke kare ransu. Da wuya wanda ke cikin wannan hali ya ga yaƙin da idon wanda bam ya faɗa wa gida.

Riƙe ofishi a ƙasar waje na da tsada, don haka tashoshi da dama ke sayen hotuna daga kamfanonin dillancin labarai irin su Reuters da Associated Press, sai ka ga hoto ɗaya yana yawo a ƙasashe da yawa. Johan Galtung da Mari Ruge sun nuna tun 1965, a nazarinsu na jaridun Norway, cewa labarin waje ya fi samun shiga idan mummuna ne, ko ya shafi manyan ƙasashe. Shi ya sa ƙasashe matalauta ba sa fitowa sai da yunwa ko juyin mulki, koken da rahoton kwamitin MacBride na UNESCO ya ɗauka a 1980.

Idon mai kallo

Auna karkata na da wuya domin shi ma mai aunawar yana da ɓangare. A binciken da aka wallafa a 1985, Robert Vallone da Lee Ross da Mark Lepper na Jami'ar Stanford sun nuna wa ɗalibai rahotannin talabijin kan kisan gillar da aka yi wa Falasɗinawa a Sabra da Shatila, a birnin Beirut na Lebanon, a 1982, lokacin mamayar Isra'ila. Magoya bayan Isra'ila suka ce an zalunci Isra'ila, magoya bayan Larabawa suka ce an yi mata sassauci, alhali rahotanni iri ɗaya suka kalla. Saboda haka masu bincike suka fi dogara ga abin da za a iya ƙirgawa: minti nawa aka ba kowane ɓangare, wa aka bari ya yi magana da bakinsa, wa kuma aka taƙaita maganarsa, sannan ko tashar ta dawo ta gyara in ta yi kuskure.