Waiwaye: yadda maganar furobayotik ta shigo cikin ciwon soriyasis

Kwanan nan duk inda aka ambaci soriyasis a Facebook ko TikTok, ciwon fatar nan da ke fitowa faci-faci masu kauri da farar saɓa a gwiwa da gwiwar hannu da fatar kai, sai ka ga mutane sun rabu gida biyu. Wasu su ce ai daga hanji ciwon yake, ka samu kafson furobayotik, wato bakteriya masu rai masu amfani ga hanji, ka gyara cikinka shikenan fata ta wanke, wasu kuma su ce kasuwanci ne kawai ake yi da marasa lafiya. Abin da ke damuna kowane ɓangare magana yake kamar jiya aka fara batun, alhali ya haura shekara ɗari.

A da can ko a Turai haɗa masu ciwon ake yi da kutare, sai a 1841 wani likita a Biyana ta ƙasar Ostiriya, Ferdinand von Hebra, ya raba cututtukan biyu. Har yau a wajenmu akwai mai janye hannu in za a gaisa, kuma wallahi ciwon ba ya yaɗuwa. Ta ɓangaren hanji kuma, a 1907 masanin kimiyya Metchnikoff na cibiyar Pasteur a Faransa ya danganta tsawon ran manoman Bulgeriya da nono mai tsami da suke sha, a 1930 wasu likitocin fata biyu a Amurka, Stokes da Pillsbury, suka ce hanji da fata suna da alaƙa, a 1935 aka fara sayar da Yakult, wani nono mai tsami mai furobayotik, a Japan. Duk hasashe ne a lokacin, likitoci suka ci gaba da shafa wa masu soriyasis man kwalta da haska musu fitila.

Inda labarin ya juya, kuma ba kasafai ake faɗa ba, 1979 ne. Kafin nan fahimtar da aka yi ita ce matsalar a fata take kawai, ƙwayoyin halittar fata da ya kamata su ɗauki kusan wata kafin su sabunta sai su yi cikin 'yan kwanaki, su taru su zama ɓawo. To akwai wani sabon magani mai suna saikulosforin da ake ba waɗanda aka yi wa dashen ƙoda don ya danne garkuwar jiki kar ta ƙi sabuwar ƙodar. Wasu likitoci biyu a Suwizalan, Mueller da Herrmann, suna gwada shi a kan masu ciwon gaɓoɓi, cikinsu akwai 'yan kaɗan masu soriyasis, kawai sai suka ga fatarsu ta washe, ba ma fatar suke nema ba. Gajeriyar wasiƙa suka rubuta a mujallar likitoci amma ita ta sauya komai, domin in maganin da ke danne garkuwar jiki yana kwantar da ciwon, ashe garkuwar jikin ce ke hura wutar, fata wurin da abin ya bayyana ne kawai.

Daga nan ne ƙofar hanji ta buɗe. Babban kaso na ƙwayoyin garkuwar jiki a bangon hanji suke zaune kafaɗa da kafaɗa da bakteriya, kuma an lura masu soriyasis sun fi sauran mutane kamuwa da ciwon kumburin hanji na Crohn. A 2009 aka nuna a jikin ɓeraye cewa wani nau'in bakteriyar hanji yana tayar da ƙwayoyin garkuwar jiki masu suna Th17, waɗanda su ne ke fitar da sinadarin IL-17 da ke kan gaba a soriyasis. Don haka mai cewa hanji na da hannu ba daga sama ya ƙirƙiro ba.

Amma binciken da aka yi da kafson kansa a jikin mutane ƙanana ne. A Ayalan a 2013 an gwada wani nau'i na bakteriyar Bifidobacterium a binciken masu soriyasis 26, alamun kumburi a jinin waɗanda suka sha shi suka ragu. A Sifen a 2019 an gwada mutum 90 na mako 12, waɗanda suka sha haɗin bakteriya nau'i uku sun fi samun sauƙi, sai dai kowa a cikinsu yana shafa man sitiroyid ɗinsa a lokacin, ba ajiye shi aka yi ba. Wannan bayanin ne ke ɓacewa a talla. Kuma abin da nau'i ɗaya ya yi ba lallai wani ya yi ba, kindirmo abinci ne mai kyau amma ba shi aka gwada ba. A Denmak ma a 2021 an gwada dashen bakteriyar hanjin masu lafiya ga masu soriyasis na gaɓoɓi, waɗanda aka yi wa ba su kai waɗanda ba a yi wa ba samun sauƙi.

Ni a ganina abin da ya cika kasuwa da kafso shi ne giɓin da ya biyo bayan 1979. Fahimtar cewa daga garkuwar jiki ciwon yake ta haifi allurai masu ƙarfi sosai tun daga 2003, har da masu toshe IL-17 a 2015, amma kuɗinsu ya fi ƙarfin talaka nesa ba kusa ba, likitocin fata kuma ba su da yawa a Arewa da Nijar. Shi saikulosforin ɗin ba a daɗewa ana sha saboda yana taɓa ƙoda yana hawar da jini. Mutum ya ji ana cewa ciwonsa daga ciki yake, maganin cikin na gaske ba ya iya saye, hunturu ya shigo fata tana tsagewa tana jini, ƙaiƙayi ya hana shi barci, dole ya kama abin da ke kusa. Shi kuma kafson a ƙasashe da yawa a matsayin ƙarin abinci ake sayar da shi, ba a tilasta masa irin gwajin da magani ke bi kafin ya shiga kanti. Mai shan magungunan da ke danne garkuwar jiki ma sai ya tambayi likitansa kafin ya fara, tunda bakteriya masu rai ne a ciki.