Firinta ɗaya, na'urori iri-iri: amsoshin tambayoyin da ake ta maimaitawa

Tambayoyin nan su ne dai kullum, sunan firintar ne kawai ke canzawa. Kafin ka karanta komai, je ka buga takardar bayanin netwok daga jikin firintar kanta, tana cikin saitinta. Ka duba adireshin IP ɗin da ke kai, irin su 192.168.1.20, ka ajiye takardar a gabanka. Wanda bai san adireshin firintarsa ba lalube yake cikin duhu.

Sai na jona firintar a kwamfuta ɗaya sannan in raba wa sauran?

A'a. In tana da Wi-Fi ko ramin kebul na Ethernet, ka haɗa ta da rauta, wato akwatin da ke raba Wi-Fi, kai tsaye, kowace na'ura ta riƙa yi mata magana da bakinta. Yawancin wahalar da mutane ke sha daga nan take tasowa: firinta mai netwok ɗinta, amma an rataya ta a wuyan Windows, an ce Mac da Linux su bi ta can. Duk ranar da kwamfutar ta yi barci ko aka sabunta ta, kowa ya tsaya.

Ina HomeGroup ya shiga? Kuma Google Cloud Print fa?

Tsofaffin hanyoyin raba firinta ne, yanzu babu su. Microsoft ta cire HomeGroup a Windows 10 sigar 1803, a 2018. Google ta rufe nata a ƙarshen 2020. Duk bayanin da ya ambace su ya tsufa, ka bar shi.

Jiya ta buga, yau kwamfuta ta ce ba ta kan layi, alhali ga ta a kunne.

Adireshinta ne ya canza. Rauta aro take ba na'urori adireshi ta hanyar DHCP, in wuta ta ɗauke ko aka sake kunna rautar sai ta sake rabo. Firintar da ke 192.168.1.20 jiya ta koma 192.168.1.34, kwamfuta kuwa tana can tana ƙwanƙwasa tsohuwar ƙofa. Ka shiga shafin rauta, ka nemi wurin da aka rubuta DHCP Reservation ko Address Reservation, ka ɗaure adireshi guda da lambar MAC ta firintar (lambar shaidarta ce a netwok, ba ruwanta da kwamfutar Mac). Sau ɗaya ake yi. Don Allah a yi wannan kafin a sake tambaya.

In adireshin bai canza ba, kuma Windows ce kaɗai ke cewa haka, buɗe Printer properties, shiga Ports, danna Configure Port, ka cire alamar da ke kan SNMP Status Enabled. Windows na tambayar lafiyar firinta ta SNMP, in ba ta ji amsa ba sai ta yanke cewa firintar a kashe take. In kuma ka ga sunan ƙofar ya fara da WSD, goge firintar ka sake ƙara ta da adireshin IP.

IPP, 9100, LPD, SMB: wanne zan zaɓa?

IPP. Ƙofarsa, wato lambar port ɗinsa, 631, kuma shi ne yaren da Windows da macOS da Linux da wayoyi duk suke ji. AirPrint na Apple, wanda ya fito a 2010, da Mopria na ɓangaren Android, da IPP Everywhere, duk a kansa aka gina su, shi ya sa ba sa neman direba, wato manhajar da ke juya takarda zuwa yaren firinta. Adireshin yakan zama ipp://192.168.1.20/ipp/print. In firintar ta tsufa ba ta jin IPP, koma 9100, wanda Mac ke kira HP Jetdirect Socket, amma a nan sai da direban firintar. LPD na ƙofa 515 shi ne na ƙarshe. SMB na 445 kuwa na rabon da Windows ke yi ne.

A Linux layi ɗaya ya isa:

lpadmin -p Firinta -E -v ipp://192.168.1.20/ipp/print -m everywhere

Laftof na bugawa lafiya, wayata kuwa ba ta ma ganin firintar.

Kwantar da hankalinka, firintar ba ta lalace ba. Laftof ya riga ya san adireshi, waya kuwa sai ta ji shela. Firinta na shelanta kanta ta mDNS, wanda Apple ke kira Bonjour, Linux kuma Avahi ke yi mata shi, a ƙofar UDP 5353. Wannan shela ba ta tsallake iyakar netwok ɗin da aka yi ta.

Saboda haka ka kwatanta adireshin wayar da na firintar. In ɗaya 192.168.0 wani abu ne, ɗaya kuma 192.168.1 wani abu, to rauta biyu gare ka, kowace ta buɗe nata netwok. Mayar da ta biyun Access Point, a kashe DHCP ɗinta. In kuwa lambobi ukun farko iri ɗaya ne, duba ko wayar na kan Wi-Fi ɗin baƙi, domin an yi shi ne musamman don hana na'urori ganin juna. Haka ma AP Isolation ko Client Isolation a saitin rauta, kashe shi. VPN a waya ma yakan toshe, kashe shi ka gwada. In adireshin firintar ya fara da 169.254, ba ta samu adireshi daga rauta ba kwata-kwata. Firintoci da yawa Wi-Fi na 2.4 GHz kaɗai suke kamawa, ba sa ganin 5 GHz, wasu tsofaffi kuma ba sa jituwa da tsarin tsaron Wi-Fi na WPA3. Bar rautar a WPA2 ko haɗin biyun.

In kashe katangar tsaro (firewall) gaba ɗaya?

Na minti biyu don gwaji, eh. A bar ta a kashe, a'a. A Windows abin da ake bukata shi ne a mayar da netwok ɗin Private maimakon Public, a kunna Network discovery da File and printer sharing. A Linux buɗe 631/tcp da 5353/udp. Shi ke nan.

Tawa ta USB ce zalla, ba Wi-Fi ba Ethernet. Akwai Windows, akwai Mac, akwai Linux, akwai iPhone. Yaya zan yi kowa ya buga?

Wannan ce tambayar da ta cancanci a zauna a kanta, kuma ba ta da amsa guda, domin ya danganta da irin firintar da kuma na'urar da za ta riƙe ta.

Fara da fahimtar abu ɗaya. Kafin shafi ya fito, sai an juya takardar zuwa yaren da firintar ke ji, kuma direba ke wannan aiki. Tambayar ita ce a ina za a yi juyin: a na'urar mai aikowa, ko a wadda kebul ɗin ke jikinta? Windows in ta raba firinta ta SMB, abin da Mac ko Linux suka turo mata miƙa shi take yi kamar yadda ya zo, ba ta gyara shi. Ke nan dole Mac ɗin ya kasance da direban ainihin wannan firintar. In ka zaɓi Generic PostScript alhali firintar ba ta jin PostScript, ko dai ta yi shiru, ko ta riƙa fitar da takarda bayan takarda da layi ɗaya na alamomi marasa ma'ana a sama. In ka ga haka, netwok ɗinka lafiya lau yake, direba ne ba daidai ba. Cire takardun daga tire, soke aikin, ka gyara direban.

Firintocin da ke jin yaren PCL ko PostScript suna da sauƙi, direba na gama-gari yakan wadatar. Masu arha da ake kira GDI ko host-based su ne masu taurin kai: ba su da ƙwaƙwalwar juya shafi, komai kwamfuta ke yi musu, kuma sau da yawa direban Windows kaɗai kamfanin ya fitar. Wasu ma, irin HP LaserJet 1018 da 1020, sai an loda musu firmware, wato manhajar cikinsu, daga kwamfuta duk lokacin da aka kunna su. Irin waɗannan in ka soka su a ramin USB na rauta, da wuya su yi aiki, ko da rautar ta ce tana raba firinta.

In dole Windows ce za ta riƙe, to shiga Printer properties, Sharing, sa alama a Share this printer, ka ba ta gajeren suna ba tazara a ciki, kamar HP1020. Ɗaure wa kwamfutar adireshi a rauta kamar yadda na faɗa a sama, ka hana ta barci. A Mac, tagar Add Printer tana da wani maɓalli ɓoyayye mai suna Advanced, sai ka danna dama a saman tagar ka jawo shi daga Customize Toolbar. Zaɓi Windows printer via spoolss, rubuta adireshin kwamfutar Windows ɗin da sunan firintar, kamar smb://192.168.1.10/HP1020. Linux ma wannan adireshin ne, amma sai an girka smbclient. Wannan zai iya yi wa kwamfutoci aiki, in an dace da direba. iPhone kuwa ba zai taɓa ganin ta ba, domin Windows ba ta shelanta abin da ta raba a matsayin AirPrint, iPhone kuma ba ya bugawa ta SMB. Sai dai da ƙarin manhaja, kuma ba kowace ke ɗorewa bayan sabuntawa ba.

Abin da na fi yarda da shi shi ne Linux ta riƙe. CUPS, tsarin bugawa na Linux da macOS, yana karɓar takarda ya juya ta da kansa, sannan ya nuna firintar a netwok a matsayin ta IPP. Ka tabbatar tana bugawa daga Linux ɗin tukuna, sannan ka rubuta cupsctl --share-printers, ka shiga localhost:631 a burauza ka sa alamar raba wannan firintar, ka tabbatar avahi-daemon na gudana. Galibi Mac da iPhone da Android za su gan ta da kansu. A Windows, in ba ta bayyana ba, Add manually, Select a shared printer by name, ka rubuta adireshin Linux ɗin da sunan firintar, kamar http://192.168.1.10:631/printers/HP1020.

Amma ban ce tabbas ba, don sai Linux na da direban. Duba HPLIP ko foo2zjs don HP, brlaser don Brother da yawa, SpliX don tsofaffin Samsung, Gutenprint don Epson da Canon masu tawada. In ƙaramar kwamfutar Raspberry Pi kake shirin sakawa, ka ƙara kula: injinta ARM ne, direbobin da wasu kamfanoni ke fitarwa kuwa na Intel ne kawai, ba za su hau ba. Bincika sunan firintarka daidai, har da haruffan ƙarshe, kafin ka sayi komai. Akwai kuma firintocin USB na zamani da ke jin IPP ta cikin kebul ɗin. Ga waɗannan ipp-usb ya isa, ba direba.

Mac ma zai iya riƙewa, ta System Settings, General, Sharing, Printer Sharing. Linux da Windows za su samu, amma kar ka sa rai iPhone zai gani ba tare da ƙarin manhaja ba. Kuma duk hanyar da ka bi, bugu kaɗai aka raba. Sikana da nunin yawan tawada yawanci suna tsayawa a na'urar da ke riƙe da kebul.

Mac na cewa Hold for authentication, kuma na sa lambar sirrina daidai.

PIN ɗin da kake buɗe Windows da shi ka sa. Ba shi ake nema ba. Sunan asusu da ainihin kalmar sirri ake so, in asusun Microsoft ne kuwa, imel ɗin da kalmar sirrinsa. Mafi sauƙi ka buɗe ƙaramin asusu na cikin kwamfutar don bugu kaɗai, mai kalmar sirri, domin Windows ba ta karɓar asusu marar kalmar sirri ta netwok. In Mac ya riƙe tsohuwar, goge ta a Keychain Access, inda Mac ke ajiye kalmomin sirri.

Kuskure 0x0000011b tsakanin Windows da Windows. An ce in canza wani abu a Registry, ma'ajiyar saitin Windows.

Na san abin da aka ce maka: RpcAuthnLevelPrivacyEnabled, a mayar da shi 0. Yana aiki, amma ka san me kake yi. A 2021 aka gano manyan ɓarakoki a Print Spooler, sashen Windows mai kula da layin bugu, ciki har da wadda ake kira PrintNightmare, sai Microsoft ta tsaurara yadda kwamfutoci ke magana da juna kan bugu, kuskuren nan ya yaɗu bayan sabuntawar Satumba ta shekarar. Mayar da shi 0 sassauta wannan tsaro ne. Fara sabunta kwamfutocin biyu su zo daidai. In bai yi ba, girka direban a kwamfutar mai aikowa, ƙara firinta ta Local Port, ka rubuta \\192.168.1.10\HP1020 a matsayin sunan ƙofar. Wannan yakan kauce wa matsalar ba tare da taɓa Registry ba. Kuskure 0x00000709 a Windows 11 daga sigar 22H2 ɗan'uwansa ne: an sauya hanyar RPC, wato yadda kwamfutocin ke magana kan bugu, zuwa TCP, tsohuwar Windows kuma wata hanya mai suna named pipes ta sani. Ana daidaita shi a Group Policy, ƙarƙashin Printers, Configure RPC connection settings.

In kunna SMB1, tsohuwar sigar SMB?

Kar ka kuskura. Ta nan muguwar manhajar nan WannaCry ta bi a 2017, kuma tun sigar 1709 Windows 10 ta daina zuwa da shi a kunne. Na'urar da ba ta jin komai sai SMB1, nema mata IPP ko 9100.

Aiki ɗaya ya maƙale a layi, ya hana kowa, kuma ya ƙi goguwa.

A Windows buɗe Command Prompt a matsayin administrator, rubuta net stop spooler, share duk abin da ke cikin C:\Windows\System32\spool\PRINTERS, fayilolin ciki kaɗai ba foldar ba, sannan net start spooler. A Linux da Mac, cancel -a yana share layin, lpstat -t yana nuna halin da ake ciki. In ka ga an rubuta disabled ko paused, CUPS ne ya dakatar da firintar bayan ya aika aiki tana kashe. Tayar da ita da cupsenable HP1020, sannan ka hana maimaituwa:

lpadmin -p HP1020 -o printer-error-policy=retry-job