Dokar Bayh-Dole: yadda binciken jami'a ke zama magani

A ce mai bincike a wata jami'ar Amurka ya shafe shekaru yana gwaji a kan ɓeraye da kuɗin gwamnati, har ya gano sinadarin da ke hana ciwon daji yaɗuwa. Sinadarin nan na wane ne? Kafin 1980, galibi na gwamnatin tarayya ne. A lokacin gwamnatin tana riƙe da takardun mallakar ƙirƙira kusan 28,000, amma waɗanda kamfanoni suka karɓi lasisinsu ba su kai kashi 5 cikin ɗari ba. Dalilin a fili yake. Mayar da sinadari magani sai an gwada shi a kan mutane mataki uku, sannan hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince, kuma ba kamfanin da zai zuba wannan dukiya a kan abin da kowa zai iya kwaikwaya gobe, tunda galibi gwamnati ba ta keɓe wa kamfani ɗaya lasisi.

Sanatoci biyu, Birch Bayh da Bob Dole, su suka kawo gyaran, Shugaba Jimmy Carter ya sa hannu a Disambar 1980. Dokar ta ce jami'a ko ƙaramin kamfani zai iya riƙe mallakar abin da ya ƙirƙira da tallafin gwamnati. Sai dai da sharuɗɗa. Da zarar mai binciken ya sanar da jami'arsa, tana da wata 2 ta kai rahoto ga hukumar da ta ba da kuɗin, da shekara 2 ta bayyana ko tana son riƙewa. In ta ba kamfani lasisi, dole ta raba kuɗin da ke shigowa da wanda ya yi ƙirƙirar. Wannan sharaɗin yana burge ni, domin wanda ya sha wahalar ɗakin gwaji ba ya tashi a tutar babu. Ta irin wannan hanya ce Lyrica, maganin ciwon jijiya da farfaɗiya, ya fito daga Jami'ar Northwestern.

Inda gizo ke saƙar shi ne farashi. Mai biyan haraji ya biya kuɗin binciken, in ciwo ya kama shi kuma ya sake biya da tsada. Dokar ta ba gwamnati ikon tsoma baki: in mai lasisi ya yi zaune a kan ƙirƙira, ko ya kasa biyan buƙatar lafiyar jama'a, ana iya ba wani kamfani lasisin. Har yau ba a taɓa amfani da wannan iko ba, abin kuwa yana ci mini tuwo a ƙwarya.

Dubi Xtandi, maganin sankarar prostate (wani sashe na jikin maza da ke ƙarƙashin mafitsara), wanda aka gano a Jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjeles da tallafin gwamnati. An kai ƙorafi cewa Amurkawa na sayensa da tsada fiye da mutanen sauran ƙasashe masu arziki. Cibiyar binciken lafiya ta gwamnatin Amurka, NIH, ta ƙi tsoma baki a 2016, ta sake ƙi a 2023, tana cewa ai maganin yana kasuwa, ana samunsa.