Hasken Jikin Halittu

Hasken jikin halittu haske ne da wasu masu rai ke haɗawa da sinadaran jikinsu, kusan babu zafi. Galibinsu a teku suke. A ƙasashen Bauchi da Gombe wanda aka fi sani shi ne maƙesu, ƙwaron nan da ke ƙyalli a fadama da daren damina.

Tarihi

A 1667 Robert Boyle ya zuƙe iskar tulun gilashin da ya sa ruɓaɓɓen itace mai haske, sai hasken ya mutu. Da iska ta koma, ya dawo. Wajen 1885 Bafaranshe Raphaël Dubois ya jiƙa gaɓar hasken wani buzuzu kashi biyu, ɗaya a ruwan sanyi, ɗaya a tafasasshe. Na sanyin ya haska har ya ƙare, na zafin ko ƙyas, amma da ya gauraya su sai haske ya sake tashi. Daga nan aka gane abu biyu ne: lusifarin, makamashin da ke jure zafi, da lusifares, sinadarin da ke kunna shi, wanda zafi ke lalatawa. A 1947 William McElroy ya nuna maƙesu na buƙatar ATP, kuzarin ƙwayar halitta.

Yadda yake aukuwa

A jikin maƙesu, lusifares na haɗa lusifarin da ATP a gaban sinadarin maganiziyam, sannan iskar oksijin ta shiga, a sami oksilusifarin, wato lusifarin da ya haɗu da oksijin, mai rarar kuzari. Rarar ce ke fita a matsayin haske kore mai ratsin rawaya, mai tsawon zango kusan nanomita 560 (ma'aunin da ke nuna launin haske). Idan tsami ko zafi ya yi yawa, launin kan karkata zuwa ja. An daɗe ana cewa kashi 88 cikin ɗari na lusifarin ke ba da haske. Awon 2008 ya sauko da shi zuwa kusan 41.

Amfani

Ana manna ƙwayar gadon lusifares a jikin wata ƙwayar gado don a ga lokacin da take aiki. A masana'antar abinci kuma ana goga auduga a kan teburi, a jefa ta cikin sinadarin da ke ɗauke da lusifarin da lusifares, na'ura ta auna hasken cikin daƙiƙu: yawan haske, yawan ATP, wato saura datti. Gwajin ba ya kama bairos, don bairos ba shi da ATP. Ragowar bilic ko gishiri na dushe hasken, teburi mai datti ya fito kamar tsaf. Sinadarin kuma firiji yake so, digiri 2 zuwa 8, abin da ke da wuya a zafin Maris da Afrilu idan babu wuta.

Dalilin hasken wasu nau'o'in naman kaza har yanzu ana saɓani a kai.